Ranar da Kakpo Ya Kai Mamaci Ofis

Ranar Talata, kwana biyu da saukar ruwan farko, Kakpo ya shigo unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta Bohicon da akori-kura. Ya sayar da babur ɗin da ya shekara tara yana kabu-kabu da shi, ya haɗa da adashin matarsa Yabavi, ya sayo motar a hannun wani Komlan, mutumin Abomey. Bai tsaya a ƙofar gidansa ba sai da ya zagaya unguwar sau uku yana danna hon, hon ɗin da kukansa ya fi kama da na akuya mai mura.

Zinsu tela, maƙwabcinsa, ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya fito da awo rataye a wuya.

"Ka gan ta ko?" in ji Kakpo, yana dukan ƙofar motar da tafin hannu. "Abarba daga Allada zuwa Malanville, albasa daga Malanville zuwa nan. Baɗi war haka mota biyu. Shekara uku kuwa, sai ka aiko a tambaya ko ina gida."

"Allah ya sa alheri," in ji Zinsu. "Ita wannan shekarunta nawa?"

"Mota ba ta da shekaru, inji ne ke da su."

"To injin fa?"

Kakpo ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro katin motar daga aljihu, ya miƙa masa don ya ga abin da ake kira takarda. Zinsu ya kai katin nesa da idonsa, ya karanta a hankali.

"Ahisu Lokosu. Yaushe aka sake maka suna ba a gayyace ni ba?"

"Wannan aikin kwana uku ne."

Yabavi tana bakin ƙofa tana tankaɗen gari. Ita ta san abin da ke ƙasa. Matan ƙungiyar abarba sun ce ba za su ɗora kayansu a motar da katinta bai zo ɗaya da sunan direba ba, domin bara jandarmomi sun tsare wata irinta kwana huɗu a hanya, abarbar ta koma ruwa. Ba kati, ba lodi.

"Ka nemi ɗan kamasho cikin masu zama ƙofar ofishin katin mota," in ji ta. "Su aikinsu ke nan."

"Ni? Shekara tara ina kai ma'aikatan ofishin nan aiki a bayan babur. Na san mai hawan jini a cikinsu, na san wanda ke sauka a wani gida kafin nasa. Ni zan ba wani kuɗi ya nuna mini ƙofa?"

"Adashina dai yana cikin wannan ƙarfe," in ji Yabavi, ba ta ɗaga kai ba. "In katin bai fito da sunanka ba, ka fara auna tsawon bayanta, don a nan za ka riƙa kwana."

Washegari Kakpo bai je ofis ba. Ya ce mota ba ta zuwa gaban hukuma da datti. Ya sayo fenti shuɗi gwangwani biyu, ya shafe ta tun daga hanci har wutsiya, ya buɗe bakinta ya shafa a ciki, har ƙarƙashi sai da ya kwanta ya bi. A jikin ƙofa ya sa aka rubuta "Kakpo da 'Ya'yansa, Sufuri", ko da yake 'ya'yan biyu ne, kuma babbar tana aji uku.

Ranar Alhamis ya isa ofishin katin mota. Wanda ke karɓar takardu wani siririn mutum ne mai tabarau, ana kiransa Shef Adande. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ya yi sauri ba. Kakpo ya tsallake layi ya miƙa masa hannu.

"Shef, ba ka gane ni ba? Ni ne na kai ka asibiti ranar da haƙorinka ya kumbura."

"Na gane ka. Kai ne ka kayar da ni a kwata." Adande ya karɓi katin, ya leƙa ta taga. "Wace ce motar?"

"Ga ta can, shuɗiya, mai sheƙi."

"Kati ya ce fara."

"Da can fara ce. Na gyara ta."

"To ko kati ya bi mota, wannan takarda ce daban da layi daban, ko mota ta bi kati." Ya fito, ya buɗe bakin motar, ya daɗe yana dubawa. "Ina lambar jikinta?"

Lambar tana nan, ƙarƙashin fenti mai kaurin ɗan yatsa.

Kakpo ya dawo gida ya gaya wa unguwa cewa an kusa gamawa, saura ɗan abu kaɗan na ƙwararru. Ya ɗauki wuƙar Yabavi ya hau kankara. Ƙarƙashin shuɗi ya tarar da kore. Ƙarƙashin kore ya tarar da rawaya, da rabin sunan wani gidan burodi. Ƙarƙashin rawaya ya tarar da wani ja da ba fenti ba ne. Da ya kai kan ƙofar hagu, wuƙar ta shige ta fito ta ciki.

"Dakata haka nan," in ji Zinsu daga bakin shago. "Fentin ne ke riƙe da ita."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Farin nake jira in gani."

Fari bai fito ba. Kuɗin wani fentin kuma babu. Kakpo ya tuna akwai ragowar farar ƙasa da aka shafa wa bangon coci lokacin Ista, ya roƙo bokiti ɗaya, ya yi wa motar wanka da tsintsiya. Ta bushe ta yi fari tas, har mutane suka ce ta fi kyau. Ranar Litinin ya kama hanyar ofis, hadari ya kama hanya tare da shi. Ya isa da mota mai launi huɗu, farin yana bin tayoyi yana gangara kwata.

Adande ya tsaya a baranda da lema, ya kalle ta ta hagu, ya kalle ta ta dama.

"Zan rubuta fara," ya ce, "don na ga alamar an yi niyya. Lambar jiki ma ta fito, ta yi daidai. Yanzu sai mai motar ya zo da katin shaidarsa ya sa hannu cewa ya sayar maka."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Gobe zan kawo Komlan."

"Wane ne Komlan?"

"Wanda ya sayar mini."

"Kati ya ce Ahisu Lokosu."

Kakpo ya tarar da Komlan a Abomey yana cin akasa, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a wata rumfa, sanye da sabon takalmi. Ya ce masa ya tashi ya kai shi wurin Ahisu Lokosu.

"Dagbo?" in ji Komlan. "Kakana ke nan. Yana gida."

"To mu je."

"Yana ƙarƙashin ɗakinsa. Shekara talatin da ɗaya da muka binne shi."

Ashe tun daga ranar ba wanda ya taɓa katin. Motar ta bi hannun uban Komlan, ta faɗo hannun Komlan, kuma duk jandarman da ya tsayar da ita ya fi sha'awar abin da ke naɗe cikin katin a kan abin da ke rubuce a jikinsa.

Kakpo ya koma wurin Adande, wanda ya yi masa bayani a natse. Idan mai kati ya rasu, sai dangi su zauna, magada duka su sa hannu a takarda cewa sun yarda, a kai kotu ta buga hatimi. Magada nawa ne? Kakpo ya tambayi Komlan. 'Ya'ya ashirin da bakwai, goma sha ɗaya sun bi tsohon, kowannensu ya bar nasa. Akwai na Libreville, akwai na Abidjan, akwai wani da ya tafi Legas sayen batir tun kafin a haifi Komlan.

"Ashirin da bakwai kawai?" in ji Kakpo ga Zinsu da yamma. "Ni da na taɓa sasanta 'yan kabu-kabu ɗari biyu a kan wurin fakin? Zama ɗaya zan yi da su."

Ranar Lahadi aka yi zaman a tsakar gidan Lokosu. Kakpo ya kawo sodabi, giyar kwakwar manja, jarka ɗaya, da goro, da biro uku. Mutum arba'in suka zo, don an ji akwai jarka. Tanyi, babbar 'yar marigayin, wadda ita ke riƙe da al'amuran gidan, ta zuba wa magabata nasu a ƙasa, sannan ƙoƙo ya fara zagayawa. Kakpo ya tashi ya yi jawabi a kan zumunci da ci gaban sufuri. Aka tafa masa. Ya fito da takarda.

Wani tsoho mai ido ɗaya ya ce kafin ya sa hannu yana so a gaya masa wa ya kwashe kwanon rufin ɗakin baya a shekarar da aka yi ambaliya. Wata ta ce wanda ya sayar da gonar kwakwar manja ba shi da bakin tambayar kwano. Daga nan ba a sake ambaton mota ba sai bayan awa biyu, lokacin da wani ya tuna cewa tayar baya ta dama shi ya saya da kuɗinsa, wani kuma ya ce kujerar gaba daga motarsa aka ciro. Biro biyu suka ɓace. Na ukun wata tsohuwa ta soka a gashinta.

Ana tsakiyar wannan sai wata mata ta shigo da babban kwano a ka, warin daddawa na gaba tana biye. Ba za ta wuce shekara talatin ba, kakkaura ce, ɗaure da zani a ƙirji. Hayaniya ta tsaya cak. Tanyi, mai shekara saba'in da ɗoriya, ta sauko daga kujera ta durƙusa. Tsoho mai ido ɗaya ya cire hula.

"Dagbo, sannu da zuwa. Dagbo, ya kasuwa?"

"Kasuwa ba daɗi," in ji matar. Ta sauke kwano, ta zauna a kujerar Tanyi, aka miƙa mata ƙoƙo da hannu biyu.

Kakpo ya ja Komlan gefe. Sunanta Senami, jikar gidan ce, tana sayar da daddawa a kasuwar Bohicon. An haife ta wata bakwai bayan binne tsohon, da aka je wurin bokono, bokan da ke duba, ya ce Ahisu ne jotonta, wato magabacin da ya dawo duniya tare da ita. Tun daga ranar ba wanda ya kira ta da sunanta a gidan. Ita kuwa ba a taɓa jin ta ce ta yarda ba, ba a taɓa jin ta ce ba ta yarda ba. Abin da aka sani shi ne tun tana 'yar shekara biyar ba ta taɓa bin layin famfo ba.

Kakpo ya tsaya yana kallonta, bakinsa a ɗan buɗe. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

"Zinsu," ya ce da ya dawo, "ka san bambancina da sauran mutane? Su suna ganin bango, ni ina ganin taga. Ofis ya ce mai mota ya zo da kansa. To zai zo."

"Za ka tono shi?"

"Ya riga ya fito. Yana sayar da daddawa a layi na uku."

Yabavi ta ajiye ludayi. "Kakpo, ka bar mutanen nan da matattunsu. Ka bi takardar kotu, ko shekara za ta ɗauka."

"Shekara? Ranar Alhamis za ki ga kati. Ki gayyaci ƙawayenki."

Ya sami Senami a kasuwa tana ƙulla daddawa a ganye. Ya durƙusa a gaban tirenta, abin da bai taɓa yi wa surukinsa ba, ya yi bayani. Ba abin da za ta yi illa ta zo ta zauna, a tambaye ta, ta amsa a matsayin mai mota.

"A matsayin mai mota," in ji ta, tana ci gaba da ƙulli.

"Ƙwarai, Dagbo."

"Dagbo ba ya zuwa gaban hukuma da zanin kasuwa."

Zinsu ya ɗinka mata babbar riga a kwana biyu, a kan lissafin Kakpo. Dagbo ba ya fita ba hula, aka sayo hula. Dagbo ba ya tafiya ba sanda, aka ɗauko sandarsa ta gaske daga ɗakin magabata, bayan an yanka zakara, wanda Kakpo ya saya. Dagbo ba ya barin kasuwa kayansa na zube, sai Kakpo ya saye tiren ranar gaba ɗaya. Gidansa ya yi kwana uku ba mai iya rufe taga. A daren Laraba aka aiko masa cewa Dagbo yana son kan rago kafin ya yi magana da baƙi.

"Tsohon nan yana da ci," in ji Zinsu.

"Shekara talatin da ɗaya bai ci ba," in ji Yabavi.

Ranar Alhamis da hantsi motar ta tsaya a ƙofar ofis. Senami na gaba, riga har ƙasa, hula a karkace, sanda tsakanin gwiwoyi. A baya akwai Tanyi, da Komlan, da tsoho mai ido ɗaya, da wasu 'yan gidan Lokosu goma sha biyu, da Zinsu, da Yabavi da ƙawayenta uku, da shugabar matan abarba wadda Kakpo ya gayyato musamman don ta gani da idonta. Ya so ya ɗauko makaɗa, wuri ne ya ƙare.

Kakpo ya zagayo da gudu ya buɗe mata ƙofa. Kafin su shiga ya ciro makullin motar ya danƙa mata.

"Ki riƙe a hannu, Dagbo, a gani. Mai mota da makullinsa ake saninsa."

Layin ranar ya kai har waje. Mutane suka ga sanda, suka ga tsofaffi na bin mace a sunkuye, suka gane, suka buɗe hanya ba tare da an roƙe su ba. Wani ya kawo kujera.

"Shef," in ji Kakpo, da muryar da za a ji a titi, "ka ce in kawo Ahisu Lokosu. Ga shi."

Adande ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tashi tsaye, ya zagayo tebur, ya rusuna.

"Dagbo, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Hanya ba kyau," in ji Senami.

"Haka take tun zamaninku." Ya koma kujerarsa. A gidansa ma akwai wata 'yar shekara shida da yake kira Inna, don mahaifiyarsa ce jotonta. Ya buɗe katin. "Sai dai, Kakpo, akwai 'yar matsala. Nan an rubuta namiji, haihuwar alif ɗari tara da ashirin da ɗaya."

Wannan Kakpo yake jira. Ya juya ya fuskanci layi, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku ji fa. Takarda ta ce. Wa ya kawo takarda ƙasar nan? Kafin takarda ba mu san kakanninmu ba? Akwai wanda ba shi da joto a ɗakin nan? In akwai ya ɗaga hannu mu gan shi."

Ba wanda ya ɗaga. Wani direban tirela ya ce, "Gaya masa."

"Tanyi, ke kika haife shi ko shi ya haife ki?"

"Ubana ne," in ji Tanyi.

"Kin ga ubanki a ɗakin nan?"

"Ga shi zaune."

"Komlan, wannan wane ne?"

"Dagbo ne," in ji Komlan, a hankali, yana kallon sabon takalminsa.

"Motar da ke waje ta wa ce? Kada ku ji tsoro, ku faɗa hukuma ta ji."

"Ta Dagbo ce," in ji mutum goma sha biyar, har da wasu na layi da ba su san kowa ba.

Kakpo ya dafa ƙirji. "Ni ma na shaida. Na rantse da ƙasar da nake takawa, wannan da ke zaune shi ne Ahisu Lokosu, motar nan tasa ce, ba ta kowa ba. Wanda ya ce ba haka ba, ya je ya faɗa a ɗakin magabatansa. Shef, rubuta."

Aka tafa. Shugabar matan abarba ta gyaɗa kai. Kakpo ya waiwaya ya kashe wa Zinsu ido.

Adande ya jira tafin ya lafa. "Ni ban isa in ƙaryata ɗaki guda a gaban dattijo ba," ya ce. "Ko takarda za ta karɓa, wannan sai na tambayi na sama da ni. Amma kafin in hau bene a banza, akwai tambaya ɗaya da ake yi wa kowane mai kati." Ya juya. "Dagbo, ka sayar wa wannan mutumin motarka?"

Senami ta juya makullin a hannunta. Ta kalli Kakpo daga hula har silifa, kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Ni ba wanda ya tambaye ni."

"Dagbo," in ji Kakpo, yana murmushi, "abin da Shef ke nufi..."

"Na ji abin da yake nufi. Ban sayar ba. Na kwanta na bar motata a ƙofar gida, na tashi na tarar yara suna yawo da ita. Na yi shiru don ba na son fitina. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar kwano a ka daga Abomey zuwa Bohicon, tana wuce ni a hanya, ko a tsaya a ce Dagbo hau. Yau da aka tara jama'a aka ce tawa ce, na gode. Na karɓa."

Tanyi ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Mun yi kuskure."

Kakpo ya nemi Komlan da ido. Inda Komlan yake tsaye babu kowa. Wani ya ce ya ga ya fita, wai fitsari.

"To babu cinikin da za a rubuta," in ji Adande. Ya rufe katin, ya miƙa wa Senami da hannu biyu. Ta ɗaga hula ta sa shi a ciki, ta mayar.

"Dakata, dakata," in ji Kakpo. "Shef, kai mai ilimi ne. Kai da kanka ka ce namiji, alif ɗari tara da ashirin da ɗaya. Dubi wannan. Wannan ta yi kama da alif ɗari tara da ashirin da ɗaya?"

"Yanzu ka rantse da ƙasa."

"Wannan magana ce ta shiga ofis. Kowa ya san Senami ce, mai daddawa, layi na uku. Rigar ma ni na ɗinka mata."

"Ni na ɗinka," in ji Zinsu.

Tanyi ta dafe kai da hannu biyu. Tsoho mai ido ɗaya ya fara naɗe hannun riga. Direban tirela ya fito daga layi ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta.

"A gabanmu ka kira dattijo da sunan yara?" ya ce. "Kai ba a haife ka a ƙasar nan ba?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ya zagi Baba da sandarsa a hannu," in ji Tanyi. "Ba zai fita da wannan bakin ba. Ba don mu ba, don shi. Yana da 'ya'ya."

Da jin an ambaci 'ya'ya, Yabavi ta ratso mutane ta kama wuyan rigar mijinta ta baya.

"Durƙusa."

"Yabavi, adashinki fa..."

"Na sani. Wannan za mu yi shi a gida. Durƙusa."

Kakpo ya durƙusa a kan simintin ofis, gaban layi, gaban shugabar matan abarba. Aka ce goshi, ya kai goshi ƙasa. Aka nemo ruwa a wurin mai sayar da lemo a waje, Tanyi ta zuba kaɗan a ƙasa, ta ba Senami ta kurɓa ta fesa masa a ƙeya. Aka sa ya ce ya yi ƙarya sau uku. Ya tambaya wace ƙaryar, ta farko ko ta biyu, aka ce ta biyu. Aka yanke masa akuya ɗaya da jarkar sodabi, ya kai gidan Lokosu kafin kasuwa mai zuwa.

Senami ta ɗora masa hannu a ka. "Na yafe. Yaro ne."

Adande ya gyara tabarau ya ce, "Na gaba."

A waje, shugabar matan abarba ta tsaya ta yi magana da Senami a gefen mota, ƙasa-ƙasa, suka tafa hannu. 'Yan gidan Lokosu suka hau baya. Yabavi da ƙawayenta suka hau. Zinsu ya hau ya gyara zama a kan tayar safaya. Senami ta shiga gaba, ta jingina sanda, sannan ta tuna ba ta iya tuƙi ba. Ta leƙo ta taga. Kakpo na tsaye a rana, ƙura a goshi, ruwa na bin wuyansa.

"Kai, yaro. Ka iya mota?"

"Na iya, Dagbo."

Ta miƙo masa makullin da yatsu biyu.

"Kai ni kasuwa. Ka bi a hankali, ba taka ba ce."

Kakpo ya shiga, ya ja ƙofar hagu a hankali don kada ta rage a hannunsa, ya tayar.